Gajeren ɗaki: inda tsayinsa ke zurarewa da yadda ake maido shi a ido

Akasarin ɗakunan da ake kuka da su a Gusau da Birnin Kebbi, cewa silin ya sauko wa mutum a ka, ba rana ɗaya suka gajarce ba. Akwai tsayin da magini ya bari, akwai wanda ya rage bayan mai tayil da mai POP, wato silin ado na farar filasta, sun gama nasu aikin, sannan akwai wanda ido ke gani bayan an shigo da kaya an yi jere. Na farko da na biyu ana auna su da tef. Na ukun ba ya aunuwa, amma a cikinsa mutum ke kwana yana tashi, kuma shi kaɗai ake iya gyarawa ba tare da an taɓa kwano ba.

Mu fara da lissafin magina, don a nan ɓarnar ke somawa. Bulo mai inci 9, in aka haɗa da simintin da ke tsakani, kowane sahu yana cin kusan inci 10. Ƙofa tana tsayawa a ƙafa 7, a zuba linta a kanta. Idan aka ɗora sahu uku bayan linta, ɗaki ya haura ƙafa 10 da ɗan kaɗan. To amma daidai lokacin da gini ya kai linta ne kuɗin mai gida ke fara yankewa, ga kwano da katako suna jiransa. Sai magini ya ce, "Alhaji, a sa sahu guda a bar shi haka nan, in an ɗora kwano za ka ga ya tashi." Sahu guda bayan linta ƙafa 8 da rabi ne. Daga baya a shimfiɗa tayil a kan tsohon daɓe, inci 2 sun tafi. A kira mai POP ya sauko da gefuna inci 9 don ya sami wurin yin matakala da ɓoye fitila. Yanzu gefunan ɗakin ba su kai ƙafa 8 ba, kuma ba a rataya fanka ba tukuna.

Akwai wata hanyar gajarta ɗaki da ta fi yawa a tsofaffin unguwanni da garuruwan bakin gulbi, ita ce ciko. Ana gyara titi ana gina kwata, hanya ta tashi ta bar gida a ƙasa, damina na zuwa ruwa ya riƙa shiga ɗaki. Sai mai gida ya zuba ƙasa ƙafa guda ya sake daɓe. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi ba zai ga laifin mai ciko ba ko kaɗan. Sai dai ƙasa ta tashi, rufi yana nan inda yake. Irin waɗannan gidajen ne za ka ga dogon mutum sai ya sunkuya zai shiga ƙofa, taga kuma ta dawo daidai cinya.

Wani zai ce wannan duk damuwar masu hali ce, ɗaki ai ɗaki ne. Ban yarda ba. A 2007 wasu masu bincike biyu, Joan Meyers-Levy da Rui Zhu, sun wallafa wani gwaji da suka yi inda aka sa mutane aiki a ɗaki mai ƙafa 10 da kuma mai ƙafa 8. Waɗanda ke ƙarƙashin dogon rufi sun fi jin sakewa, waɗanda ke ƙarƙashin gajere sun fi jin takura. Ko ba a yi gwajin ba mun san haka. Matar da ke wuni a ɗaki guda, nan ne falonta, nan ne wurin sallarta, nan take renon yara, ta fi kowa sanin bambancin ɗakin da ke sakar mata numfashi da wanda ke danne ta.

To da me ido ke auna tsayi? Ba ya ƙirga sahun bulo. Yana bin bango ne daga ƙasa ya yi sama, duk abin da ya gitta masa sai ya tsaya a kai. Sannan yana duba haske: abin da ya yi fari tas yana ganinsa nesa, abin da ya yi duhu yana ganinsa kusa. A 2010 masana a Jami'ar Mainz da ke Jamus, Daniel Oberfeld da abokan aikinsa, sun nuna wa mutane ɗakunan da aka zana a kwamfuta suna canza hasken silin da bango da daɓe, suna tambayar tsayin da suke gani. Silin mai haske ya fi tashi a ido, wannan kowa ya zata. Abin da ba a zata ba shi ne, bango mai haske shi ma yana ɗaga ɗaki, kuma ba sai silin ya fi bango haske ne yake tashi ba. Hasken daɓe kuwa bai canza tsayin da suke gani ba. Wannan ya rushe shawarar da masu fenti ke yawan bayarwa, cewa a yi wa bango kala mai ƙarfi don farin silin ya fito. Zai fito, amma ɗakin ba zai ƙara tsayi da hakan ba. Kuma ya sauƙaƙa wa mai gida abu guda: kafet ja ko tayil mai duhu da ke ƙasa, a bar shi, ba shi ne matsalar ba.

Babban abin da ke sare bango a gidajenmu shi ne fentin nan mai hawa biyu. Ƙasa fentin mai, kore ko ruwan ƙasa ko shuɗi, har zuwa ƙirji, sama kuma fentin ruwa mai haske, wani lokaci har da baƙin layi a tsakani. Dalilin yinsa mai kyau ne: yara na shafa hannu, ana jingina, fentin mai yana gogewa da tsumma. Amma a ɗaki mai ƙafa 8 ka raba bangon gida biyu, kowane ƙafa 4, ido kuma guntaye biyu zai gani. Gajeren mutum in ya sa kaftani da wando yadi ɗaya sai ya miƙe a ido, in ya sa farar riga da baƙin wando ya ɗaure ɗamara sai gajartarsa ta bayyana. Haka bango yake. Wanda ke son amfanin fentin mai bai rasa mafita ba: a haɗa masa kala ɗaya da na saman, ko kuma a sayi fentin ruwa irin mai wankuwa a shafe bangon gaba ɗaya. Sikatin da ke bin ƙasan bango shi ma kada ya wuce inci 3 ko 4, kuma ya ɗauki launin bango ko na tayil, kada ya zo da nasa na uku. Wayar lantarki da aka bi da ita ta saman bango cikin farin bututu, a shafe ta da fentin bangon.

Game da kalar kanta, ba na ba mutumin Zamfara ko Kebbi shawarar fari fat a bango. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko ta ina, farin bango ba ya wata biyu sai ya yi dusu-dusu. Ruwan madara ya fi jurewa, ko ruwan toka mai haske sosai. Silin ne za a yi wa fari. Wanda ɗakinsa ya yi ƙasa ƙwarai, gara ma ya shafa kala ɗaya mai haske a bango da silin duka, yadda ido ba zai gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba. Za ka ji ana cewa a sa fenti mai sheƙi a silin don ya riƙa ɗaukar hoton ɗaki. Yana yi, in silin ɗin sumul yake. Namu kuwa mafi yawa akwai tudu da kwari a jikinsu, sheƙi kuma tona asirin kowane ɗaya yake yi.

Tsofaffin gidaje da yawa suna da silin nan na falle-falle, ƙafa 4 kowane gefe, an bi mahaɗarsu da siraran katako, an shafa wa katakon baƙin fenti ko ruwan ƙasa. Da ka shiga sai ka ga raga a saman kanka, ido yana ƙirga gidajenta ɗaya bayan ɗaya, ba ya mantawa da silin ko na daƙiƙa. Gwangwanin farin fenti guda ya wadatar a shafe katakon da fallayen su zama abu ɗaya, kuma ban san wani gyara mai arha da ke canza ɗaki kamar wannan ba. Sai dai a kula ƙwarai: da yawa daga cikin tsofaffin fallayen nan na asbestos ne. Muddin suna zaune lafiya an rufe su da fenti, haɗarinsu kaɗan ne. Ƙurarsu ce ke illa ga huhu, illar da ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Kada a goge su da sanfefa, kada a huda, kada a bar yaro ya farfasa wanda ya faɗo.

Sai POP, wanda ya zama kamar dole ga duk mai sabon gida. Ba ni da faɗa da shi. Yana rufe katako, yana da kyau, yana ɗaukar fenti. Faɗana da zanen da ake zaɓa ne. Mai aiki zai buɗe waya ya nuna hotuna: matakala uku, da'ira a tsakiya, fure a kowace kusurwa, fitilu shuɗi da ja suna kewaye. Waɗannan hotunan na manyan faluka ne masu ƙafa 12 ko fiye, inda in an ci ƙafa guda ba a ji ba. A kawo su ɗaki mai ƙafa 8 da rabi, sai matakalar ta sauko daidai saman ƙofa, wani wurin ma har ta ci kan labule. Mai aikin ba mugunta yake yi ba, yawan zane yawan kuɗinsa, kuma abin da jama'a ke nema ke nan. Mai gida ne ya kamata ya ce, "Malam, shafaffe nake so, a manne shi sama iyakar yadda katako ya bari." In lallai ana son ado, a tsaya a siririn baki guda ɗaya a gefe, wanda bai wuce inci 3 ko 4 ba, a bar tsakiya fili. Wasu na cewa saukar da gefe yana sa tsakiya ta yi kamar ta tashi. Gaskiya ne a ɗaki mai faɗi da ɗan tsayi. A ɗaki ƙafa 12 da 12, gefen da aka saukar shi ne rabin silin ɗin.

Silin roba ma haka. Farare marasa zane su ne na gajeren ɗaki. Masu kalar katako da masu furanni da layin zinare suna jawo rufi ƙasa, kuma su ne aka fi jerawa a gaban shago.

Labule ne wurin da ɗan kuɗi kaɗan ke yin babban aiki, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Al'adar mai sa labule ita ce ya kafa ƙarfe a kan linta, inci biyu ko uku sama da taga, ya yanke yadin ya tsaya kaɗan ƙasa da ita. Tagoginmu kuwa ƙanana ne, saboda rana da kuma sutura. Sakamakon shi ne ɗan guntun ƙyalle a tsakiyar bango, sama fili ƙasa fili, ga layin ƙarfen yana nuna wa kowa cewa daga linta zuwa silin taƙi biyu ne kacal. A ɗaga ƙarfen ya koma can sama, inci 2 ko 3 ƙasa da silin. A bar yadin ya zubo har ƙasa. A ƙara wa ƙarfen tsawo ya wuce taga da kamar taƙi guda kowane gefe, yadda in an zuge labule ba zai tare hasken ba. Yanzu ido na bin ninkin yadin daga ƙasa har sama ba abin da ya tare shi, kuma ba wanda ya san inda tagar ta tsaya. Labulen ƙofa ma a kai shi wannan tsayin, don kada ɗaki ya zama da layi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kuɗin ƙarin yadi ɗaya ne ko biyu a kowace taga. Abu biyu zan ƙara saboda yanayinmu. Kada yadin ya ja ƙasa irin yadda ake gani a hotunan Turai, a bar inci guda, don ana shara da mofa kullum ga kuma ƙura. Sannan rawanin labule, wato ƙyallen nan mai lanƙwasa da geza da ake ɗorawa a sama, a haƙura da shi. Yana cin ƙafa guda da rabi na tsayin da ake nema, kuma ma'ajiyar ƙura ne.

Ana yawan cewa a manna takardar bango mai layuka a tsaye, wai tana ja da ɗaki sama. A nan sai a yi hattara. Tun 1867 masanin nan na Jamus, Hermann von Helmholtz, ya nuna cewa in ka zana murabba'i biyu masu girma ɗaya, ka cika ɗaya da siraran layuka a kwance, ɗaya da layuka a tsaye, mai layukan kwancen ne ke fin tsayi a ido. Wato maganar ba ta miƙe kamar yadda masu talla ke faɗa ba. Abin da na fahimta shi ne, akwai bambanci tsakanin siraran layuka masu yawa da suka zama zane, da kuma layi ɗaya mai kauri da ya raba bango biyu. Na biyun ne abokin gaba. Don haka wanda ke da kuɗin takardar bango, in tsayi yake nema, gara ya kashe su a labule da fenti. Ga shi kuma zafin bazara na ɗaga gam ɗinta ta fara ɓallewa daga kusurwa.

Yanzu mu zo ga jere, wanda a ganina shi ne ke yanke hukunci a ɗakin amarya. Ana zuwa ganin ɗaki kafin biki, gwaggo da inna da yayye su shiga su duba. Ana auna faɗi don a san ko gado shida da shida zai shiga, ana ƙirga tagogi saboda labule. Tsayi kuwa ba kasafai ake ɗaga kai a duba ba. Sai a tafi wurin kafinta a zaɓi gado mai allo ƙafa 6, da rawani a samansa. A ɗora masa katifa mai inci 12 ko fiye a kan ƙafafun da su ma sun tashi. A kawo kujerun nan masu dogon baya da sassaƙa a ka, a kawo madubi mai hawa-hawa, a kawo sif mai ƙofa shida. Kowane ɗaya shi kaɗai kyakkyawa ne. Da an haɗa su a ɗaki mai ƙafa 8, abin da ya rage na bango a fili bai fi ƙafa 2 ba, amarya in ta zauna bakin gado fanka na kaɗa mata ɗankwali. Na san abin da ke bayan wannan, kuma ba abin raini ba ne. Uwa ta shekara tana tari don ranar, tana son duk wanda ya shiga ya san ɗiyarta 'yar gata ce. In ka ce a rage allon gado sai gwaggo ta ce, "Haba ɗan nan, so kake a ce mun gaza?" Amsar ita ce, gata na cikin ingancin katako da kyan yadi da ɗinki, kuma su ake gani in ɗaki ya sami sarari. Tunda yawancin kayan nan kafintocinmu ne ke yin su a kan oda, ba abin da zai hana a ba su awo: allon gado kada ya wuce ƙafa 4, bayan kujera ya tsaya daidai kafaɗar mai zama, ƙafafun gado su yi ƙasa in katifar mai kauri ce. Kuɗin ma raguwa yake yi.

Sif shi ne ya saɓa wa wannan ƙa'idar. Shi gara ya kai har silin. Matsalar sif ɗin da aka saba yi ita ce yana tsayawa ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi ƙasa da rufi, wannan ratar kuma ba ta taɓa zama fili. Nan ake jibga akwatunan lefe ɗaya kan ɗaya, da bargo cikin jakarsa, da kulolin abinci da ba a fara amfani da su ba, har sai na saman ya tokare silin. Duk wanda ya shigo zai ga kaya sun cika ɗaki har rufi. In kafinta ya ƙara wa sif ɗin ƙananan ƙofofi a sama suka rufe ratar, kayan na nan inda suke amma ba a ganinsu, ƙura ba ta hawansu, sif ɗin kuma ya zama kamar bango, musamman in launinsa mai haske ne. Mai haya da ba zai yi sif daidai ɗakin wani ba, ya sauke kayan ya tura su ƙarƙashin gado.

Akwai wata dabara da muke da ita tun asali, mun fara watsar da ita, ita ce zaman ƙasa. Wanda ke zaune a kan darduma ya jingina da tumtum, idonsa bai fi ƙafa 2 da rabi daga ƙasa ba, don haka rufi mai ƙafa 8 ya yi masa nisa sosai. Falon mai gida da aka kewaye da katifun zama irin na Larabawa, da kafet a tsakiya, ba ya taɓa yin kama da gajere, ga shi yana ɗaukar mutane fiye da kujeru. Ba kowa zai iya ba, dattijo mai ciwon gwiwa yana buƙatar kujera. Amma ga turakar da ta yi ƙasa, ban ga abin da ya fi wannan ba.

Abin ratayawa a bango, a rage shi. Kalanda biyu, agogo, hoton biki, duk a layi ɗaya can kusa da silin, wannan wani layin ne da ke sare bango. Firam mai ɗauke da ayoyi wurinsa sama ne, kuma haka ya dace, amma a zaɓi wanda tsayinsa ya fi faɗinsa, a bar fili tsakaninsa da rufi. Dogon madubi mai ƙafa 5 ko 6 a tsaye, in yana fuskantar taga, yana ƙara hasken ɗaki.

Hasken kansa ya cancanci a tsaya a kai. Ƙwai guda da ke reto a waya daga tsakiyar ɗaki yana haska ƙasa ya bar silin cikin inuwa, silin mai inuwa kuma saukowa yake yi. Fitilar ado mai reto da duwatsun gilashi ta fi shi muni, tana cin ƙafa 2 a daidai wurin da mutane ke wucewa. Gajeren ɗaki fitila shafaffiya yake so, wadda ke manne da silin, sai kuma fitilar bango guda biyu masu watsa haske sama. Masu sola ma za su iya: a kafa ƙwan a bango sama da tsayin mutum, a juya fuskarsa ga farin silin, hasken zai dawo ɗaki a tausashe ba ya kashe ido.

Fanka kuwa maganarta ta wuce ado, ta zama ta lafiya. Masu ƙera ta sun ce fukafukanta kada su yi ƙasa da ƙafa 7 daga daɓe. Ɗakin da bai kai ƙafa 8 ba, in fanka ta sauko ƙafa guda, ta faɗa ƙasa da wannan iyakar. Mutum ya ɗaga hannu zai sa babbar riga, ko ya ɗaga yaro sama yana masa wasa, sai tsautsayi. Mai wayarin zai iya rage sandarta, amma in ta manne da silin sosai ba ta samun iskar da za ta ja, tana buƙatar ratar kamar inci 8. Ɗakin da ba zai ba da wannan da wancan ba, a cire ta a sa fankar bango.

Duk wanda ya taɓa shiga zauren tsohon gidan sarauta a Argungu ko Gwandu ko Anka ya ga yadda maginan ƙasa suka warware wannan matsala tun da daɗewa. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta iya tsallake fili mai faɗi ita kaɗai. Sai suka riƙa ɗaura ta hawa-hawa daga jikin bango tana lanƙwasowa, su lulluɓe da ƙasa ta zama baka. Bakuna su taso daga ɓangarori su haɗu a tsakiya, shi ne ɗaurin guga, sau da yawa har da ɗan kwano da ake mannawa a ƙololuwa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 shi ne ya fi shahara a wannan fasaha. A irin wannan ɗakin babu layin da za ka nuna ka ce nan bango ya ƙare. Idonka na hawa kan baka, ba ya tsayawa sai a tsakiya. Ƙari a kan haka, ƙofar shiga gajeriya ce, ka sunkuya ka shiga, da ka miƙe sai ka ji wurin ya buɗe. Frank Lloyd Wright, mai zanen gine-ginen nan na Amurka, ya shahara da irin wannan, matsattsiyar mashiga sannan fili. Mai ginin bulo zai iya aron abu biyu. Ya sa mai POP ya lanƙwashe kusurwar da bango ya haɗu da silin, ba zane, a shafe da kala ɗaya. Sannan in akwai ɗan lungu kafin falo, a nan ne za a saukar da silin a ɓoye wayoyi, falon ya ci ribar bambancin.

Sai dai duk wannan ido ake lallashi. Zafi ba ya lallasuwa. A Maris da Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a wannan yanki na haura digiri 40, kwano ya ɗauki rana ya sauke ta kan silin, silin ya sauke ta kan mutane, iska mai zafi kuma tashi take yi ta taru a sama. A dogon ɗaki tana taruwa sama da kai, a gajere kanka na cikinta. Shi ya sa nake jan kunnen masu cire silin su bi gangaren kwano don su sami tsayi. Tsayin zai samu, amma ratar da ke tsakanin kwano da silin ita ce garkuwar ɗakin, sai in za a sa abin tare zafi a ƙarƙashin kwanon. Abin da ya fi sauƙi shi ne a buɗe ƙananan kafofin iska a saman bango, a sa musu raga, a kuma bar wa cikin rufin mafitar iska ta gefe biyu. Mai na'urar sanyaya ɗaki shi ne kaɗai gajarta ke yi wa rana, don iskar da zai sanyaya ba ta da yawa. Haƙe daɓe don a sami tsayi kuwa, ban ba kowa shawara ba, zai iya kusantar tushen gini, kuma ruwan da ya sa aka yi ciko yana nan.

Mai gidan kansa da ɗakin ya yi ƙasa da ƙafa 8, gyaran gaskiya shi ne a ɗage kwano a rani a ƙara sahu. Wanda kuma gininsa ke kan linta yanzu, ga lissafin: ɗaki ƙafa 12 da 12 kewayensa ƙafa 48 ne, bulo guda inci 18, sahu ɗaya bai wuce bulo 32 ba. Sahu biyun da ake jayayya a kansu bulo sittin da 'yan kai ne, da simintinsu da ɗan ƙarin filasta. Kafin a kira kafintan rufi, mai gida ya sa magini ya ja layi a bango inda tayil zai tsaya, ya ja wani inda silin zai sauko, ya tsaya da kansa a auna tsakaninsu. In bai kai ƙafa 9 da rabi ba, a ƙara sahu.